Tramol a saiwar tafashiya: Binciken da ya raba kan masana, da darasinsa ga matasan Mai Yara

A watan Satumban 2013 wasu masana kimiyya daga Faransa da Kamaru suka fitar da sakamakon wani bincike da ya ba masu harhaɗa magunguna mamaki a faɗin duniya. Sun ce sun gano sinadarin tramadol, wanda aka fi sani da tramol a ƙasar Hausa, kwance a cikin saiwar tafashiya, itaciyar nan da masu maganin gargajiya suka daɗe suna jiƙa wa masu zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon jiki.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, tramol magani ne da ɗan Adam ya ƙirƙira da hannunsa a ɗakin gwaje-gwaje a Jamus a 1962. Idan har itaciya na iya yin sa da kanta, ke nan kakanni sun riga Turawa shan sa da ɗaruruwan shekaru.

Bayan shekara guda wata tawagar masana ta daban ta shiga dajin, ta dawo da bayanin da ya fi na farko tayar da hankali. A cewarta, tsotso maganin itaciyar ta yi daga ƙasa, inda fitsari da kashin shanun da ake ɗura wa ƙwayar suke zuba.

A arewacin Kamaru aka yi wannan bincike, amma darasinsa ya shafi wurare irin su Mai Yara, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Dakoro a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar. A can rayuwa ta dogara ne kan noman gero da wake da kuma kiwo. Damina gajera ce, aikin gona kuma na ƙarfin mutum ne da na dabba. Da an kai amfanin gona rumbu, samari da yawa kan tafi bida, wasu Maradi ko Kano, wasu Legas, wasu kuma su bi ta Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. Irin wannan rayuwa ta aikin ƙarfi a tsakar rana ita ce babbar kasuwar masu fataucin tramol a yankin Sahel.

Yadda aka gano shi

Tafashiya, wadda masana tsirrai ke kira Nauclea latifolia, ta fi fitowa a yankunan da ke samun ruwan sama sosai da kuma bakin rafuka, daga Afirka ta Yamma har zuwa ta Tsakiya. Daga can masu saiwoyi ke kawo ta kasuwannin Arewa.

Wani masani ɗan Kamaru, Germain Sotoing Taïwe na Jami'ar Buea, ya yi nazarin yadda jiƙon saiwar ke kashe ciwo. Ya haɗa gwiwa da Michel De Waard, masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a birnin Grenoble na Faransa, da wasu abokan aikinsu, domin su zaƙulo ainihin sinadarin da ke yin wannan aiki.

Hanyar da suka bi sananniya ce ga masu binciken magunguna. Ana tace ruwan saiwar, a rarraba shi kashi-kashi, a gwada kowane kashi a kan ɓeraye. Kashin da ya fi kashe ciwo sai a sake rarraba shi, a sake gwadawa, har a kai ga sinadari guda tilo. Da suka kai ga nasu, suka auna nauyinsa da fasalinsa da na'urori, sai suka ga bai bambanta da tramol ɗin kantin magani ba ko kaɗan.

Sun wallafa sakamakon a mujallar kimiyyar sinadarai ta Angewandte Chemie. Sun ce a kowane kilo ɗaya na busasshen ɓawon saiwar akwai kimanin giram 4 na tramol, wato daidai da kafso 80 na miligiram 50. Sun kuma ce a saiwa kaɗai suka same shi, babu shi a ganye ko rassa. Kafafen watsa labarai suka ɗauka, har aka fara hasashen cewa manoman Afirka za su iya noma maganin ciwo mai araha a gonakinsu.

Shanun da suka tona asiri

Farfesa Michael Spiteller na Jami'ar Fasaha ta Dortmund a Jamus, wanda ya ƙware wajen bin sawun gurɓatattun sinadarai a ƙasa da ruwa, bai gamsu ba. Akwai abin da ke sa masana shakku tun farko. Ƙwayar sinadarin tramol na zuwa ne da siffa biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Masana'anta kan fitar da su rabi da rabi, yayin da tsirrai galibi siffa guda suke yi. Wanda aka samu a saiwar tafashiya kuwa rabi da rabi ne, irin na masana'anta.

Spiteller da abokin aikinsa Souvik Kusari suka haɗu da masana 'yan Kamaru, suka ɗebo saiwoyi daga kudanci da arewacin ƙasar. A cikin na kudu ba su ga ko ɗigon tramol ba. A na yankin Arewa Mai Nisa, inda birnin Marwa yake, sun same shi, amma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na miligiram a kowane kilo ba. Hakan na nufin adadin da tawagar farko ta bayar ya ninka nasu aƙalla sau 20,000.

Daga nan suka faɗaɗa binciken. Suka sami maganin a saiwoyin wasu tsirrai iri biyar da ba su da dangantaka da tafashiya, suka kuma same shi a cikin ƙasa da ruwan yankin. Tare da shi akwai wasu sinadarai uku da ke samuwa bayan maganin ya ratsa hantar mutum ko dabba.

Da suka zanta da manoman yankin sai bakin zaren ya fito. Manoman na shan tramol domin su jure aiki a rana, suna kuma bai wa shanun aikinsu domin kada su gaji da wuri. Dabbar kan je inuwar itace ta huta, ta yi fitsari da kashi, ruwan sama ya shigar da su ƙasa, saiwa ta tsotse. Tawagar ta wallafa wannan sakamako a 2014 a mujallar da ta buga na farko.

De Waard bai miƙa wuya ba. Ya kafa hujja da cewa daga gandun dajin Binuwai aka ɗebo nasu saiwoyin, inda doka ta hana kiwo, kuma yawan da suka samu ya wuce a ce gurɓata ce kawai. A 2015 wasu masana a birnin Nantes na Faransa suka fitar da wani nazari da ke nuna hanyar da suke ganin itaciyar za ta iya bi ta haɗa sinadarin da kanta.

Dillalan sinadarai da shaidar kabon

Kafin a fahimci yadda tawagar Dortmund ta mayar da martani, sai an san daga ina masana'anta ke samo kayan haɗa magani. Yawancin magungunan zamani asalinsu ɗanyen mai ne da iskar gas. Sai dai sinadaran da ke cikin mai ba sa haɗuwa da juna cikin sauƙi, sai an sami mai shiga tsakani.

Wannan mai shiga tsakani shi masana ke kira katalis, aikinsa kuma tamkar na dillali ne a kasuwar shanu. Yakan haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa cikin sauri, shi kuma ya fita yadda ya shiga ya nufi wani cinikin. Sau da yawa ƙarafa ne ke wannan dillanci, irin su nikel da azurfa da tagulla da farin ƙarfen filatinam. Takin zamani na yuriya da manomin Mai Yara ke barbaɗa wa gonarsa ya samu ne daga amoniya, wadda ake haɗawa da taimakon baƙin ƙarfe a matsayin dillali. Matatun mai irin ta SORAZ da ke kusa da Damagaram su ma da irin waɗannan dillalai suke aiki. Haka kuma kayan da ake haɗa tramol da su ke fitowa daga mai da gas.

A nan ne hujjar ta ɓoye. Duk abin da ke raye, itace ko dabba ko mutum, na ɗauke da ɗan wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14, wanda tsirrai ke shaƙa daga iska. Da zarar abu ya mutu sai wannan kabon ya fara raguwa, rabinsa na ƙarewa a duk shekara 5,730. Ɗanyen mai kuwa ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, don haka babu sauran kabon-14 a cikinsa. Ke nan duk sinadarin da itaciya ta haɗa a wannan zamani dole a sami kabon-14 a jikinsa, wanda aka yi da mai kuma ba za a samu ba.

Masanan suka sayi ƙwayoyin tramol a wata kasuwar bakin titi a tsakiyar Marwa, suka kuma tato maganin daga ƙasar wani wuri da ya gurɓata sosai. Suka auna duka biyun. Babu kabon-14 a na ƙwayoyin, babu shi a na ƙasar. Sun kuma raini tafashiya daga iri a ɗakin gwaji, inda babu dabbar da ta raɓe ta, ba ta fitar da tramol ba. An buga wannan sakamako a farkon 2016, kuma shi ne ya rinjayar da ra'ayin masana zuwa ga cewa tramol ɗin da ke cikin ƙasar yankin daga masana'anta ya fito.

Abin da ƙwayar ke yi a ƙwaƙwalwa

Kurt Flick, masanin sinadarai a kamfanin Grünenthal na Jamus, shi ne ya fara haɗa tramadol. An fito da shi kasuwa a 1977 da sunan Tramal, Amurka kuma ta amince da shi a 1995. An yi shi ne domin ciwo mai matsakaicin tsanani zuwa mai tsanani, kamar na bayan tiyata ko karaya.

Ciwo saƙo ne da jijiyoyi ke ɗauka daga inda aka ji rauni, ya bi ta laka ya isa ƙwaƙwalwa. A kan wannan hanya akwai wasu ƙananan kwaɗuna a jikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda idan makullin da ya dace ya shige su sai saƙon ya yi rauni. Jiki na da nasa makullan da yake ƙerawa, ana kiran su endofin. Magunguna dangin ofiyom, irin su mofin da kodin, makullan aro ne da ke buɗe waɗannan kwaɗuna.

Tramol na cikin wannan dangi, amma yana da wani aiki na biyu da ya bambanta shi. Yana hana jijiyoyi kwashe wasu sinadarai biyu masu isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, sirotonin da noradirenalin, sai su taru fiye da ƙima. Irin aikin da wasu magungunan ciwon damuwa ke yi ke nan. Shi ya sa mai shan tramol kan ji kuzari da walwala a maimakon kasalar da sauran dangin ofiyom ke kawowa, shi ya sa kuma ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai haƙar zinariya ke ganin sun sami maganin gajiya.

Gajiyar kuwa tana nan inda take. Tsoka na ci gaba da wahala, ruwan jiki na ci gaba da ƙarewa, ƙwaƙwalwa ce kawai aka toshe wa kunne. Saurayin da ya wuni yana huɗa bai ji komai ba, jikinsa na bin sa bashi, kuma zai biya.

Likitoci sun ƙayyade cewa kada baligi ya wuce miligiram 400 a yini. Idan aka zarce, haɗarin farko shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da mutum bai taɓa yin ta ba. A 2012 likitan ƙwaƙwalwa Djibo Douma Maiga da abokan aikinsa a Yamai sun wallafa rahoto kan mutum takwas da suka yi irin wannan jijjiga, dukkansu masu haɗa tramol ne da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro. Haɗari na biyu shi ne numfashi ya yi ƙasa har ya tsaya, musamman idan an haɗa ƙwayar da barasa ko kodin ko maganin barci irin su diyazefam. Allurar naloksan da likitoci ke ceto masu shan ofiyom da ita na iya dawo da numfashin, amma ba ta warware ɓangaren sirotonin, ba ta kuma tsayar da jijjiga.

Ƙwaƙwalwa na saurin sabawa. Ƙwaya ɗaya da ke kai mutum la'asar sai ta koma ba ta kai shi azahar, sai ya ƙara. Ranar da bai samu ba kuma sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci da faɗuwar gaba su rufe shi. A wannan mataki mutum na sha ne domin kawai ya iya tashi daga shimfiɗa.

Hanta ba ɗaya ba ce

Sau da yawa akan ji matashi na cewa abokinsa na shan uku babu abin da ya same shi. Binciken ɗakin gwaji ya nuna dalilin da ya sa wannan lissafi ke da haɗari.

Tramol a karan kansa makulli ne mai rauni. Sai ya isa hanta wani dillalin sinadarai na cikin jiki, wanda masana suka laƙaba wa CYP2D6, ke sauya shi zuwa wani sinadari da ya fi shi ƙarfin kama kwaɗon nesa ba kusa ba. Ƙarfin wannan dillali gado ne daga iyaye. A wasu mutane ba ya aiki sam, kamar yadda yake ga kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa. A wasu kuma yana aiki da gaggawa fiye da ƙima. Wani bincike da aka yi a 1996 ya gano haka a kusan kashi 29 cikin 100 na Habashawan da aka gwada.

Mai hanta mai gaggawa, ƙwaya ɗaya na iya yi masa aikin da yawa har numfashinsa ya shiga haɗari. Wanda tasa ke da nawa kuma ba ya jin sauƙin ciwo, sai ya yi ta ƙari, ainihin maganin ya taru a jininsa ya kai shi ga jijjiga. Ba a gane ko wane rukuni mutum yake ta kallon fuska ko girman jiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 tramol a 2017, ta kuma gargaɗi mata masu shayarwa.

Daga ƙarshe kusan kashi 90 cikin 100 na abin da mutum ya sha ta fitsari yake fita, kimanin kashi 30 kuma na fita ne yadda ya shiga ba tare da ya sauya ba. Ta wannan ƙofa maganin ke komawa ƙasa da ruwa.

Daga tashar jirgin ruwa zuwa tebur

Kafson da asibiti ke bayarwa yawanci na miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a tebur da faranti da bayan keke a kasuwannin Afirka ta Yamma kuwa akan ga an rubuta masa 120 ko 200 ko 225, wani lokaci har 250. Biyu daga cikin na 225 sun riga sun haura iyakar yini guda.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC, ya bayyana cewa yawancin waɗannan ƙwayoyi daga Indiya ake shigo da su ta tashoshin jiragen ruwa na gaɓar tekun Gini, daga nan su haura arewa ta mota. Rahoton ofishin na 2018 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na magungunan dangin ofiyom da aka kama a duniya a 2016, a yammaci da tsakiya da arewacin Afirka aka kama su, kuma tramol ne mafi yawa. A watan Satumban 2017 jami'an tsaro a Nijar sun kama ƙwayoyi kimanin miliyan 3 a cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya.

A maƙwabciya Najeriya, ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta yi tare da UNODC, wadda aka fitar a farkon 2019, ta nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka yi nazari a kai, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan dangin ofiyom suka sha ba da umarnin likita ba. Maradi na kan babbar hanyar kasuwanci da ta haɗa ta da Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma daga Maradi kaya ke bazuwa zuwa kasuwannin mako-mako na ƙauyukan jihar. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

An toshe ƙofa, an buɗe taga

A watan Afrilun 2018 Indiya ta saka tramadol cikin jerin magungunan da dokarta ta miyagun ƙwayoyi ta tsaurara wa sharuɗɗa. Masu fataucin sai suka nemi wani sinadarin.

A watan Fabrairun 2025 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya bankaɗo yadda wani kamfani a yankin Mumbai ke haɗa wasu ƙwayoyi yana turo su Najeriya da Gana da Kodebuwa da sunaye daban-daban, ciki har da Tafrodol. A cikinsu akwai sinadarai biyu. Na farko tafentadol, ɗan'uwan tramol ne da ya fi shi ƙarfi, wanda kuma ba ya jiran hanta kafin ya fara aiki. Na biyu karisofurodol, maganin sassauta tsoka ne da hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a janye daga kasuwa tun 2007 saboda yadda yake kama mutum. Babu wata ƙasa da ta ba da lasisin haɗa su a ƙwaya guda. Kwanaki kaɗan bayan rahoton, hukumomin Indiya suka haramta haɗin da kuma fitar da shi.

Matsalar mai saye a tebur ita ce, kwalin na iya kama da wanda ya saba, launin ƙwayar ma haka, amma abin da ke ciki ya sauya. Shi mai teburin ma abin da aka rubuta a kwali kawai ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko kuma bai cika inganci ba.

Masu buƙatarsa da gaske

Duk da wannan ɓarna, tramol bai shiga jerin magungunan da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa suka taƙaita ba. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sake duba batun a 2018, ya kuma zaɓi a ci gaba da sa ido a kansa. Babban dalilinsa shi ne marasa lafiya.

A yawancin asibitocin karkara na Afirka mofin na da wuyar samu. Ga mai amosanin jini da ciwo ya tayar wa cikin dare, ko macen da aka yi wa tiyatar haihuwa, ko dattijon da ke fama da ciwon daji, sau da yawa tramol ne kaɗai maganin ciwo mai ƙarfi da ke kusa. Duk dokar da za ta ɗaure shi gaba ɗaya, su za ta fara cutarwa kafin ta taɓa ɗan fasa-ƙwauri. Aikin da ke gaban hukumomi shi ne raba na kantin magani mai lasisi da na tebur, kuma ɗakin gwaji ne ke iya tabbatar da bambancin.

Ina ɗakunan gwajin?

A Nijar, cibiyar gwaje-gwaje ta ƙasa mai suna LANSPEX ce ke da alhakin auna ingancin magunguna, yayin da hukumar OCRTIS ke farautar masu fataucin miyagun ƙwayoyi. LANSPEX na Yamai ne, fiye da kilomita 600 daga Maradi, Dakoro kuma na gaba da Maradi da kimanin kilomita 120 ta arewa. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga shirin Lome na yaƙi da jabun magunguna a watan Janairun 2020, tana kuma cikin na farko da suka amince da yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2021.

Ba kowane gwaji ne ke buƙatar katafaren gini ba. Akwai akwatin gwaji na tafi-da-gidanka mai suna Minilab, wanda ma'aikacin lafiya da ya sami horo zai iya amfani da shi ya gane ko maganin da ke cikin ƙwaya ya yi daidai da abin da aka rubuta. Hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta daɗe tana amfani da wata na'urar hannu mai suna TruScan, wadda ke haska ƙwaya ta karanta sinadarinta. Waɗannan na tantancewar farko ne, abin da suka nuna shakku a kai sai a tura babban ɗakin gwaji.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maradi na da tsangayoyin kimiyya da lafiya da aikin gona a wuri guda, wato ainihin fannonin da binciken Kamaru ya haɗa. Abin da masanan Dortmund suka fara da shi ba ya da wuyar samu: ƙwayoyin kasuwa, ƙasar gindin itace inda dabbobi ke hutawa, ruwan tabki da na rijiya, da kuma zama a saurari manoma. A yanki irin Mai Yara, inda mutane da dabbobi kan dogara da rijiyoyi da tabkunan damina, irin wannan aiki zai nuna wa hukumomi da masu gari abin da ke shiga kasuwarsu da abin da ke sauka a ruwansu.

Akwai kuma rawar da 'yan bida za su taka, tunda su ke aiko kuɗin aikin damina, su ne kuma ƙannensu ke kwaikwayo idan sun dawo gida. Likitoci na gargaɗin cewa wanda ƙwayar ta riga ta kama kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin wahalar janyewa kan mayar da mutum ruwa. Hanyar da ta fi ita ce a je asibiti, ko cibiyar lafiya ta kusa ko asibitin gunduma a Dakoro ko manyan asibitocin Maradi, a rage ta sannu a hankali a ƙarƙashin kulawa. Wanda kuma ya faɗi yana jijjiga, a kawar da duk abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe idan ta lafa, sannan a garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha, domin sunan da ke jikin kwalin na iya taimaka wa likita ya san ta inda zai fara.